Ranar da Na Kai Su Kallon Itatuwa

Ni direba ne. Bashe nake ja, motar ɗaukar kaya mai rufin tampol, daga Zongo zuwa duk inda mai kaya ya ce. Ban shiga lekwal ba, wato makarantar boko. Faransancin da nake ji na bakin hanya ne, wanda ake yi da jandarma da masu duba kaya.

A zamanin mulkin juyin juya hali wani mutum ya ba ni ƙunshi a kasuwar Missèbo, ya ce in sauke masa a Porto-Novo, wani zai karɓa. Takardu ne ɗaure da igiya. Ban tambaya ba, tunda ba karatu nake ba. A shingen jandarma da ke gaba da unguwar Akpakpa aka kwance ƙunshin, ashe takardun zagin gwamnati ne. Daga nan ban sake ganin gida ba sai da 'yata, wadda na bari tana wasan ƙasa a ƙofar gida, ta kusa kamo uwarta a tsawo. Abin da aka yi mana a sansanin da aka tsare mu can arewa ba zan faɗa ba. Haƙorana na gefen hagu can na baro su.

Bayan na fito aka yi babban taron ƙasa, aka ce an samu 'yanci. Kowa ya buɗe baki. Mai shayi yana zagin minista, ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, yana tuƙi yana tsara gwamnati. Jaridu suka cika bakin titi. Waɗanda jiya suke ce maka kamarad, kiran 'yan juyin juya hali, yau su ne ke ihun dimokuraɗiyya, fuskokin nan dai ba su sake ba. Ni na ja bakina na rufe. Na taɓa ganin an bar mutane sun yi magana don a san su wane ne.

Yarinyar sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake ce mata. Uwarta ce ta riƙe ta a lekwal da tuyar ƙosai duk tsawon lokacin da ba na nan, shi ya sa ban iya cewa komai a kan karatun ba. Har ta kai lise, babbar sakandare. Sai ta ɓullo da fita ranar Lahadi. In na tambaya, sai a ce mushensu, wato malaminsu na kimiyya, shi ya kwashe su zuwa kallon itatuwa.

Na ce, “Kallon me?”

“Itatuwa, Baba.”

“Ga dogonyaro nan a ƙofar masallaci. Ki kalle shi har ki gaji.”

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Namiji baligi ya tara 'yan lekwal ya kai su cikin daji ranar da ba karatu. A sansanin na zauna ɗaki ɗaya da 'yan makarantar da aka fara tarawa haka. Wasunsu ba su fito ba.

Wata rana da hantsi matata ta fitar da katifar yarinyar za ta shanya. Sai na ji ta kira ni da muryar da ba ta saba ba.

“Malam, zo ka gane wa idonka.”

Katako biyu ne a ƙarƙashin katifar, an danne tarin jaridu a tsakaninsu, an ɗaure da robar tsohuwar taya. Matata ta kwance, ta ɗaga jarida ta farko. Ganye ne a shimfiɗe, busasshe. Ta ɗaga ta biyu, wani ganyen da furensa. Haka har ƙasa.

Ta dafe ƙirji. “Asiri ne. Mutanen kudun nan da ganye suke aiki. Namiji ya ba yarinya ganye ta kwana a kai, me kuma ya rage?”

“Ganyen bai dame ni ba.”

“To me zai dame ka, in wannan bai dame ka ba?”

“Jaridun.”

“Kai dai da takarda! Ana maganar an kama maka kurwar 'ya, kana maganar jarida.”

Da yarinyar ta dawo, ta tarar da kayanta a baje tsakar gida. Ta durƙusa tana tattara su a hankali kamar ƙwai. Ta ce busar da su take yi. Jarida tana shanye ruwan ganye, nauyin jikinta kuma yana danne shi ya miƙe. In ya bushe sai a liƙa a farar takarda, a san wane iri ne, a ina ya fito.

Na ce, “Me aka rubuta a jaridun?”

“Tsofaffi ne, Baba. Irin waɗanda Inna ke naɗe ƙosai da su.”

“Ban tambaye ki shekarunsu ba.”

Ta ɗauki ɗaya ta karanta mini, tana juyawa da Hausa. Labarin ƙwallo ne. Na saurara har ta gama. Amma ba ni da hanyar sanin ko abin da bakinta ya faɗa shi ne a takardar. Ba kuma zan kai wa wani a Zongo ya duba mini ba, don wanda ka kai wa takarda ya san kana da takarda. Na tsaya ina kallon 'yar cikina ina zarginta. Ta gane. Ta sunkuyar da kai.

Na ce fitar Lahadi ta ƙare. In kuma mushen ya matsa, lekwal ɗin ma ta ƙare. Na san nauyin abin da na faɗa. Burinta ta ci bak, jarrabawar ƙarshen lise, ta shiga jami'a ta karanci tsirrai, kullum shi take faɗa wa uwarta a bakin kaskon tuya.

Ba a daɗe ba sai ga mushen a ƙofar gidana. Siriri ne, mutumin Porto-Novo, da tabarau mai kauri. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya gaishe ni da Hausar kasuwa.

“Wa ya nuna maka gidana?”

“Papa, a Zongo wa bai san bashenka ba?”

Wannan amsar ta fi tambayar tayar mini da hankali. Na ba shi tabarma, ban ba shi ruwa ba. Matata tana bayan labule tana karanto duk addu'ar da ta sani.

Ya ce bai zo gardama ba. Ya ce yarinyar tana da ido, tana ganin abin da sauran ke takawa su wuce. Ya ce Lahadi mai zuwa za su je gidan tarihi da lambun itatuwa na Porto-Novo, kuma ba su da mota.

“Ka kai mu da kanka, Papa. Ka ga abin da muke yi.”

“In na ga abin da bai yi mini ba fa?”

“'Yarka ce. Sai ka juyo da ita.”

Na yarda. Ba don na gaskata shi ba. Wanda kake zargi gara yana zaune kusa da kai, kana ganin hannuwansa.

Ranar Lahadi suka cika bayan mota, maza da mata, da gorunan ruwa da burodi. Mushen na gaba kusa da ƙofa, Uwata a tsakiyarmu. Sai da muka hau gada na hango ta madubi: kowane yaro riƙe da katakonsa biyu da jaridu a ɗaure. Mota guda cike da ƙunshin takarda, ni ne a kan sitiyari, a kan hanyar Porto-Novo. Da akwai wurin juyawa a kan gada da na juya.

Shingen yana nan inda na san shi. An sake fentin gangunan, shi ke nan. Jandarma ya ɗaga hannu. Na miƙa takardun mota. Ya zagaya baya, ya nuna da sanda.

“Mene ne wannan? A kwance.”

Wata yarinya ta kwance nata. Ya ɗaga jarida, ya ga ganye. Ya ɗaga wata, ya ga ganye. Ya leƙo ta taga wajen mushen.

“Boka ne kai ko malamin lekwal?”

“Malamin lekwal, shef.”

“Kash. Da na ce ka ba ni na basir. Tsayuwar nan ta kashe ni.”

Yaran suka kwashe da dariya, shi ma ya yi, ya buga jikin mota ya ce mu tafi. Bai kalli rubutun jaridun ba ko sau ɗaya. Muka wuce. Yaran suna ta maimaita maganar basir har muka yi nisa. Ni lissafina daban. Abin ya yi sauƙi da yawa. Ko dai zamani ya sauya da gaske, ko kuma mushen da jandarman sun san juna. Na saci kallonsa. Tabaransa yake gogewa da gefen riga.

Gidan tarihi muka fara shiga. Ɗakuna ne masu sanyi da warin tsohon itace. Ganguna, dodannin katako, takubba, tukwane, duk a bayan gilashi, kowane da lamba a jikinsa. Na taɓa ganin ɗaki irin wannan. A sansanin akwai inda ake tara abin da aka karɓe mana, agogo da zobe da hula, kowane da lamba.

Na tambayi mai gadin ɗakin da Fananci, yaren mutanen kudu, na nuna wata ganga. “Ta wane ne?”

Ya faɗi sunan ƙabilar.

“Ban ce ƙabila ba. Mutumin da yake kaɗa ta. Shi ya bayar, ko karɓa aka yi?”

Ya ce shi bai sani ba, tun zamanin Turawa take nan. Mushen ya tara yaran ya ce su ji tambayar da Papa ya yi, irinta ya kamata su riƙa yi a duk inda suka ga abu a bayan gilashi. Ban ji daɗi ba. Wanda ya yabe ka a gaban jama'a akwai abin da yake so.

Daga nan sai lambun. A tsakiyar gari yake, amma kana shiga ƙarar motoci ta mutu. Itatuwan ban taɓa tsayawa ƙarƙashin irinsu ba. Akwai rimin da saiwoyinsa suka tashi kamar bangon ɗaki, mutum zai ɓuya a tsakaninsu a wuce ba a gan shi ba. Na lura da wannan. Na lura kuma ƙofa ɗaya ce ta fita. Birai suna bin mu ta sama, suna jiran burodi. Kowace bishiya an kafa mata ƙaramin allon ƙarfe da rubutu.

Yaran suka watsu. Ni ina bayan mushen, ban bar tazarar da zai yi raɗa ban ji ba. Abin da na ji bai wuce ganye ba. Wannan gefensa kamar zarto, wancan santsi. Wannan biyu-biyu suke fita, wancan ɗaya bayan ɗaya. Ku murza ku sansana. Kada ku ɗanɗana. Na jira lokacin da zai sauke murya ya shiga ainihin maganar. Bai sauke ba.

Uwata ta zo da wani gilashi mai mariƙi, lup suke ce masa. Ta ɗora a bayan wani ganye ta ce in duba. Na duba. Na ga gashi tsaye kamar ƙaya, da wasu ƙananan halittu suna tafiya a tsakani. Na janye gilashin, ganyen fes, ba komai. Na mayar, suna nan.

“Hoto ne a cikin gilashin.”

“Ba hoto ba ne, Baba.”

Na karɓa. Na goge shi da rigata. Na ɗora a kan babban yatsana, inda ƙarfen mota ya taɓa yanka ni. Ga tabon nan, ya zama kwari, da baƙin mai a cikin kowace tsaga. Wannan ba wanda zai zana shi ya sa a gilashi, don ba wanda ya san shi sai ni. Na cire hulata na duba zaren. Na duba ƙasa. Na duba fiffiken wani mataccen ƙwaro. Na daɗe a tsugune. Da na ɗago na ga yaran suna kallona suna murmushi, sai na miƙa mata abinta na miƙe.

Can ƙasan lambun, inda inuwa ta fi duhu, mushen ya tsaya gaban wata bishiya mai dogayen ganye masu sheƙi. Ba ta kai sauran girma ba.

“Papa, ka san wannan?”

“Ban sani ba.”

“Goro ne.”

Na ce ƙarya ne. Haka na faɗa, a gaban ɗalibansa.

Fataucin goro ne ya kawo kakana bakin teku. Ubana goro ya sayar a Zongo har ya mutu. Na tashi cikin huhu da ganyen naɗi, ina yayyafa ruwa, ina ware fari daga ja tun ban iya ɗaure wando ba. Ko bayan da na rasa haƙora, da gefen dama nake taunawa. Amma ban taɓa ganin bishiyarsa ba. Goro a huhu yake zuwa mana. Da an tambaye ni da na ce ƙaramar bishiya ce, 'ya'yan suna rataye ɗaya-ɗaya kamar goruba.

Mushen ya nuna sama. Wasu koren kwansuna ne masu ƙuraje, kamar bayan kwaɗo, manne da juna a tsinke ɗaya. Ya ce goron yana ciki a jere.

Na ce, “To wannan ta farin ce ko ta jan?”

Uwata ta ce a hankali, “Baba, akwai bishiyar da take ba da duka biyun. A kwanso ɗaya ma.”

“Wa ya faɗa miki?”

“Mushe. Ya ce wannan tana yi.”

Ubana ya gaya mini fari da bishiyarsa, ja da tasa. Duk Zongo haka aka sani. Farashinsu daban, mai saye daban, wanda ake kai wa surukai daban. Yanzu ga wani mai tabarau ya sa 'yata tana gyara maganar ubana a gaban 'ya'yan mutane. Na ce a raina, to ga shi nan. Haka ake farawa. A fara da abin da ba ya kashe kowa, a ga ko yaro zai bar maganar gidansu ya kama taka.

Mushen ya ce, “Mahaifinka bai yi kuskure ba, Papa. Akwai mai ba da fari zalla, akwai mai ja zalla. Akwai kuma mai haɗawa. Na taɓa ganin haɗin a wannan.”

“Ka gani. Ni ban gani ba.”

Mai kula da lambun, wani tsoho mai gajeren wando, ya ji hayaniya ya matso. Da aka gaya masa, ya shiga bukkarsa ya fito da wani kwanso busasshe a buɗe, da goro a ciki fari da ja. Na ce ya mayar. Ko ni zan iya zuba fari da ja a kwanso in kawo. Ya ɗauko doguwar gora zai tsinko wani. Na ce ba wanda shi ya zaɓa ba, ni zan zaɓa.

Tsohon ya ce da Fananci, “Wannan Bahaushen daga kotu kuka ɗauko shi? Nan ba a tsinkar komai, alfarma nake muku.”

Mushen ya lallaɓa shi har ya yarda da guda ɗaya. Na zagaya bishiyar. Na bar na ƙasa-ƙasa, waɗanda hannu zai iya kaiwa. Na nuna wani can sama ta bayan reshe. Tsohon ya yi ta zungura yana tsaki har ya faɗo. Ni na ɗauka. Na juya shi ta kowane gefe ina neman tsaga ko ɗinki. Babu.

Na fito da wuƙata. Kafin in yanka na dubi yarinyar, na yi magana da Hausa, ƙasa-ƙasa.

“In babu fari a ciki, ƙarya yake koya muku. Daga nan gida. Kin gama.”

Fuskarta ta sauya. “Baba, ba haka ake yi ba. Kwanso ɗaya ba ya isa a yanke hukunci.”

“Ni haka nake yi.”

Mushen ya tsinci abin da na ce. Na zuba masa ido. Nan ne zai nemi hanyar zillewa, ko ya cika baki ya rantse.

Ya ce, “Ban san abin da ke cikin wannan ba, Papa. Zai iya zama ja duka.”

“In ja ne duka fa?”

“Sai mu ce yau ja muka gani.”

Na yanka. Kwanson ya buɗe. 'Ya'yan suna kwance a jere, kowane a lulluɓe da farar fata mai kauri da santsi, ba yadda za ka san launinsa sai ka ɓare. Na ɓare na farko. Goro ne. Ƙamshin ya bugi hancina, ɗanye, irin wanda ban taɓa ji a huhu ba. Na gutsura don in tabbata. Goro ne, ba shakka. A nan mushen bai yi ƙarya ba. Amma ja ne.

Na ɓare na kusa da shi. Ja. Na gaba, ja. Yaran suka kewaye ni. Wani biri ya sauko reshen ƙasa yana leƙe. Hannuna yana santsi da ruwan fatar, ina gogewa a wando ina ci gaba. Ja, ja. Ya rage na can ƙurya, ƙarami. Na ɓare shi.

Wannan bai kai sauran ja ba. Ya koɗe, kamar jan zane da ya sha wanki.

Tsohon, wanda ya gane akwai abin da ke rataye a wuyan yarinyar, ya tafa hannu. “Ga shi nan! Fari! Ba na faɗa ba?”

Yaran suka ɗauka, suna kirana shofar, wato direba. “Fari ne! Papa shofar, fari ne!”

Na riƙe goron a tafin hannuna. Ni na san launinsa, ba a koya mini goro. Amma ina so in ga wa zai ce me. Na miƙa wa yarinyar.

“Uwata, fari ne?”

Ta karɓa. Ta fita daga inuwa zuwa inda rana ke sauka, ta juya shi, ta kankare gefe da farce. Wata ƙawarta tana jan gyalenta tana raɗa mata. Ta dawo ta sa mini shi a hannu. Idonta ya cika da ruwa.

“Ba fari ba ne, Baba. Ja ne mai haske.”

Tsohon ya ce, “Kai, wannan yarinya! Ana fitar da ke daga rami kina komawa.”

Mushen ya ce wa sauran, “Ja ne duka. Haka za ku riƙe.” Ya juya wajen wata bishiyar, suka bi shi jiki a sanyaye.

Na zauna a kan wata saiwa da goron a hannu. Na sha zama gaban masu tambaya. Dukansu sun san amsar da suke so tun kafin su buɗe baki, aikinka kawai ka gano ta ka ba su. Na ga manyan mutane sun ce fari baƙi ne don a bar su su kwanta. Ni ma da an miƙo mini irin ƙofar da tsohon nan ya miƙo mata, da gudu zan bi ta. Ita ta ga ƙofar, ta san abin da zai biyo baya, ta ce ja ne mai haske. Wannan ba a gidana ta koya ba. Ni abin da na iya koya mata shi ne ta yi shiru.

Ban ce wannan ya wanke mushen ba. Har yau ban san abin da ke tsakaninsa da jandarman nan ba. Daga baya ma ya shiga wata jam'iyya, na ga hotonsa manne a bango a unguwar Gbégamey, na nuna wa matata na ce ta gani. Ita kuma ba ta fasa tofa addu'a a ruwan wankan yarinyar ba. Amma a ranar, abin da idona ya gani ke nan.

Da la'asar muka kamo hanya. Bayan mota ba waƙa ba dariya. Mushen ya sauka a Porto-Novo wajen danginsa, saura ni da ita a gaba. Ta jingina da ƙofa tana kallon ruwa da itatuwan kwakwa. Ba ta roƙe ni ba. Haka muka shigo Akpakpa.

A cunkoson bakin gada na ce, “Kin ce kwanso ɗaya ba ya isa.”

“Ba ya isa.”

“Nawa ne ke isa?”

“Ban sani ba, Baba. Sai an yi ta buɗewa. Daga bishiyar nan, da wasu.”

“Tsohon nan ba zai sake ba mu ba.”

“Akwai gonakin goro ta wajen iyakar Nijeriya. Mushe ya ce manoman suna bari a duba in lokacin tsinka ne.”

“Ba mushe na tambaya ba. Ke kin san hanyar?”

“A'a.”

“Ni na sani.”

Ta juyo ta dube ni. Na sa giya, layin ya motsa.

“Gobe ki tafi lekwal. Ranar Lahadi ki gaya masa ni zan ja mota, ni zan zaɓi gonar. Kuma kada ya aika wa kowa cewa muna zuwa.”